Abin da ke cikin salansar a-kori-kura mai gas, da abin da yake ci a aljihu

Garejinmu yana kusa da kasuwar Panteka a Kaduna, kuma motocin gas muke gyarawa. Mafi yawan abin da ke shigo mana a-kori-kura ce: Hilux, Ranger, L200, Navara, jefi-jefi D-Max. Masu su 'yan kwangila ne, da manoma masu gonaki ta wajen Kachia da Saminaka, da ƙungiyoyin da ke aikin karkara. A da, idan motar gas ta zo da ciwo, ko nozul ne, ko famfo, ko ringi. Tsohon injin 5L na Hilux ba ruwansa da kwamfuta, abin da ka zuba masa shi zai sha ya tafi. Yanzu kuwa sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau, ciwon yana can ƙasa cikin salansa, kuma kuɗin gyaransa kan fi na injin.

Dokar ƙasashen waje ce ta kawo haka. Amurka ta tsaurara ƙa'idar hayaƙin gas a 2007, daga nan motocinta suka fara fitowa da matatar baƙin hayaƙi, wato DPF. Turai ta bi da ƙa'idar Euro 5 a 2009, sai Euro 6 daga 2014, wadda ta sa aka ƙara tankin AdBlue, ruwan da ake fesawa cikin salansa don rage gubar hayaƙi. Motar da aka ƙera don kasuwar Afirka galibi ba ta da duka waɗannan. Amma mu tokumbo muke saye, kuma tokumbon Turai da kayanta take zuwa, an ƙera su ne don man da salfa ɗinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A Amurka iyakar 15 ce. A nan gida an shafe shekaru ana halatta gas mai kashi 3,000 cikin miliyan. ECOWAS ta amince a 2020 a sauko zuwa 50, matatar Dangote ta fara sayar da gas a 2024, abubuwa sun ɗan gyaru. Sai dai direban da ya tsaya a bakin hanya ya sayi jarka biyu wurin ɗan bumburutu ba shi da hanyar sanin me aka haɗa a ciki, kananzir ne ko wanda aka dafa a daji.

DPF ita ce babbar magana. Tukunya ce ta ƙarfe, a cikinta akwai tangaran mai ƙananan ramuka dubbai, an toshe kowane rami ta baki ɗaya, hayaƙi ya ratsa bango ya fita, baƙin ya maƙale. Idan baƙin ya taru, ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutarta, tana ƙara fesa mai don zafin salansa ya kai wajen digiri 600, ya ƙone shi. Wannan ƙonawa tana son minti 15 zuwa 20 ana tafiya ba tsayawa. Motar da ke zirga-zirga tsakanin Kaduna da Zariya ko Abuja tana yin abinta, direba bai ma sani ba. Wadda aikinta daga Kawo zuwa kasuwa ne cikin gosulon Ahmadu Bello Way, a kashe, a tayar, a bar ta tana aiki a tsaye don sanyin AC, ita ce kullum take fara ƙonawa ba ta gamawa. A wasu injinan man da aka fesa bai ƙone ba yakan sulale cikin baƙin mai. Shi ya sa in na zaro sandar awo na ga mai ya haura alama maimakon ya ragu, hankalina yakan tashi, domin mai ya tsinke, wannan injin yana gab da cin metal, wato ya buga.

Akwai kuma abin da wuta ba ta ci. Kamar murhu ne, itace ya ƙone, toka ta zauna. Tokar DPF daga baƙin mai take fitowa, kuma a nan ne muke cutar kanmu da hannunmu. Waɗannan motoci suna son mai mai ƙarancin toka, irin wanda aka rubuta C2 ko C3 a jikin galan. Mai motar ya aiki yaro wurin masu juye, a zuba masa man tirela don ya fi arha kuma ya fi kauri, ana ganin an yi wa mota gata. A ƙasashen da aka ƙera ta, DPF kan yi kilomita 150,000 zuwa 250,000 kafin toka ta cika ta. Ka tuna motar da ta iso hannunka ta riga ta cinye mafi yawan wannan a can. Abin da ya rage kaɗan ne, man da bai dace ba kuwa yana ƙarasa shi da wuri. Kuma kada a ɗauka mu kaɗai ne: a Ostareliya, a 2022 kotun tarayya ta yanke hukunci cewa DPF ɗin Hilux da Prado da Fortuner sama da 260,000 da aka sayar daga 2015 zuwa 2020 tana da tangarɗa.

Sabuwar DPF ta kamfani, a waje, takan tashi daga dala 1,500 zuwa sama, ta manyan motocin Amurka irin su F-250 da Ram 2500 kuwa tana iya ninka haka. Ba na son faɗin kuɗi a naira, don abin da na faɗa yau gobe ya zama ƙarya. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, duk kayan nan kuma dala suke bi. Ta Beljiyam daga Panteka ko kasuwar Ladipo ta Legas ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, amma ba ka san tokar da ke cikinta ba sai an auna. Abin da muke fara yi shi ne mu kwance, mu duba ko tangaran ya tsage ko ya narke. In lafiya yake, mu jiƙa, mu wanke ta baya, mu busar sosai, mu mayar, mu sa kwamfuta ta tilasta ƙonawa, mu duba awon matsin iska. Kuɗin wannan bai kai kashi ɗaya cikin goma na sabuwa ba. In ya narke, ba wanki.

Bawul ɗin EGR, wanda ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin injin don rage zafin ƙuna, shi ba mutuwa yake yi farat ɗaya ba, daskarewa yake yi da baƙi. Mota ta riƙa kasala, tana shan mai. Wanki kan ishe shi in an yi a kan kari, sabo kuma 'yan ɗaruruwan dala ne. Na'urar sanyaya shi ta fi ban tsoro, don in ta huje ruwan lagireto zai riƙa ɓacewa ba ka ga ɗigo a ƙasa ba, har wani ya ce gasket ne a buɗe kan injin a banza. Sensoshi ma haka, na zafi da na matsi ba su da tsada sosai, kuma sau da yawa ɗan tiyon roba ne ya tsage. Sensar NOx, mai auna iskar gubar da AdBlue ke ragewa, ita ce mai ciwo: biyu ce a yawancin motoci, kowace tana kai dala 200 zuwa 500, kuma ba a gyara ta.

AdBlue kuwa yuriya ce mai tsabta kashi 32.5 cikin ɗari, sauran tataccen ruwa. Zafi yana lalata shi, jarkar da ta kwana ta wuni a rana a watan Afrilu na Kaduna ba abin yarda ba ce. Na ga tankin da aka zuba wa ruwan leda, na ga wanda aka jiƙa takin yuriya aka tace aka zuba. Duka biyun ƙarshensu ɗaya, famfo da nozul ɗin tankin su toshe, mota ta fara ƙirga kilomitan da suka rage, in sun ƙare ta ƙi tashi ko da injin sabo ne.

To a nan ne mai mota yakan gaji. Ya ce mini, "Malam, a fasa abin nan a zubar, a huta." Nakan ce, "Alhaji, motarka ce, amma bari in gaya maka abin da zai biyo baya." Fasa tukunya kaɗai ba ya wadatarwa, sai an taɓa ƙwaƙwalwa, kuma wanda bai iya ba zai bar maka mota tana ta fesa mai don ƙona abin da babu shi. Ga shi kuma indomin da ke gaban matatar, wato tangaran mai rage gubar hayaƙi, akwai ƙarfe mai daraja a jikinsa, filatinam da makamantansa, masu saye suna nan suna jira, shi ya sa wasu ke saurin ba da shawarar a cire. Abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Tun 2012 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin gas cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar huhu. Yarana a gareji su ne ke durƙushe a bayan salansa daga safe har yamma. Mai sayar da awara a bakin titi, da ɗan acaɓa da ke bin bayanka, da yaran makaranta, su ne za su shaƙi abin da ka ƙi biya. Ban ce kowa yana da miliyoyin sabuwar matata ba, na san halin da ake ciki. Amma mafi yawan waɗanda ake fasawa wanki da canjin sensa ɗaya kawai suke buƙata, kuma wannan yana yi mini ciwo.

Wanda zai sayi tokumbo mai gas, ya kawo ta kafin ya biya kuɗi. Muna leƙa ƙarƙashi mu ga ko an taɓa yanka tukunyar an yi walda. Muna sa yatsa a bakin salansa, in DPF tana aiki yatsan zai fito kusan fes, in ya fito baƙi ƙirin an fasa ko ta tsage. Kwamfuta kuma tana nuna yawan tokar da aka ƙiyasta da nisan da aka yi tun ƙonawar ƙarshe. Sannan in tambaye shi inda motar za ta riƙa zuwa. In ya ce gona da doguwar hanya, in ce ya saya, ya riƙe gidan mai ɗaya da ya yarda da shi, ya riƙa juye da man da ya dace. In ya ce kai yara makaranta a Malali da zuwa ofis, sai in ce ya nemi Hilux mai fetur, injin 2.7, kayanta cike suke a Panteka.