Ranar da na tsaya wakilin ango

A gidanmu, kamar gidajen Hausawa da yawa, uba ba ya karɓar wa ɗansa aure da bakinsa, balle ɗan fari da ko sunansa ba ya kira. Ƙaninsa yake turawa ko amininsa. Ta haka wakilci ya faɗo kaina lokacin da babban ɗan Yaya ya tashi aure a cikin birnin Kano. Yaya bai tsawaita ba, cewa kawai ya yi, "Ɗanka ne, ka je ka karɓo masa."

Kafin ranar na je wurin limamin unguwarmu don in san iyakata. Ya bambance mini mutanen da muke yawan haɗawa wuri ɗaya. Waliyyi shi ke ba da amarya, kuma ikonsa daga nasaba yake, ko uba ko wanda ya biyo bayansa a dangi. Wakili kuwa aron iko aka ba shi, wanda ya ba shi yana iya janyewa. Na'ibi shi ke jan salla in liman ba ya nan. Muƙaddashi riƙon kujera yake yi kafin mai ita ya dawo, kamar yadda Goodluck Jonathan ya riƙe ƙasa a Fabrairun 2010 saboda rashin lafiyar marigayi Umaru Musa 'Yar'adua. Malam ya ce wakilci a aure tsohon abu ne, domin Ummu Habiba tana Habasha aka ɗaura aurenta da Annabi (SAW), shi kuma yana Madina, Najjashi, sarkin Habasha, shi ne ya biya sadakin dinari 400.

Daga nan na zaunar da yaron. Na tambaye shi cikakken sunan yarinyar da na mahaifinta, nawa aka yanka sadaki, lakadan ne ko ajalan, kuma akwai wani alkawari da ya ɗauka wanda ban sani ba? Wannan zaman shi ne rabin aikin. Na sha ganin wakilin da ake raɗa masa sunan amarya a tsakiyar taro, abin yana ba ni takaici, domin raini ne ga gidan da suka ba da 'yarsu.

Ranar Asabar bayan an taru a masallaci, an ajiye goro da alewa, na miƙa sadaki aka ƙirga a gaban jama'a. Na nema wa ɗana auren da sunansa da sunanta. Kafin waliyyi ya ce ya bayar, sai ya gyara zama ya ce suna da roƙo guda: a bar yarinya ta ƙarasa karatunta. Wuri ya yi tsit, ana jiran in ce na amince. Da sauƙi in faɗa a wuce wurin, amma wannan maganar ba ta cikin abin da aka aiko ni da shi, kuma ba ni zan zauna da ita ba. Na ce, "Alhaji, a yi mini haƙuri kaɗan." Na sa aka kira ango daga cikin abokansa a waje, ya durƙusa kusa da ni, na faɗa masa. Ya ce, "Baffa, na yarda, dama mun yi maganar da ita." Sannan na ɗaga murya na ce na karɓa masa, tare da ci da sha da sutura da wurin zama. Shaidu suka shaida, aka shafa Fatiha.

Wasu dattawan namu sun ga kamar na ja lokaci, har ɗaya ya ce ai baffa uba ne, abin da ya yanke ya yanku. Ina girmama maganarsa, amma ban bi ta ba. Alkawarin da miji bai ji da kunnensa ba shi ne farkon wanda zai musanta ranar da rai ya ɓaci, kuma yarinyar ce za ta kwana a ciki.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne wakilci ba ya ƙarewa da watsewar taro. Da ɗan saɓani ya shiga tsakanin yaron da matarsa kan zuwa makaranta bayan ta haihu, waliyyin bai nemi Yaya ba, ni ya kira. Na je gidan, na tuna wa yaron abin da ya faɗa a masallaci a gaban shaidu, kuma ta koma aji a zangon da ya biyo baya.