Talata: fayil bakwai da suka ƙi dacewa

Ƙarfe biyar da rabi na safe saƙo ya tashe ni: faifan kwamfuta ɗaya a ma'ajiyarmu ta bayanai ya daina amsawa, alhali hotunan taurari na daren jiya ba su gama isowa daga na'urar hangen nesa da ke kan dutse ba. Ko fuska ban wanke ba na kunna kwamfuta.

Kowane fayil yana tahowa da lambar tantancewa, wadda ake lissafawa daga abin da ke cikinsa tun kafin ya baro wurin na'urar hangen nesa. In ya iso, mu sake lissafi mu kwatanta. Yau bakwai suka ƙi dacewa. Na buɗe ɗaya, taurari fes, ba abin da ido zai kama. Amma can cikin lambobin da aka adana hoton da su, wani sifili ya koma ɗaya, kuma wannan kaɗai ya isa wani ya ɗauka hasken tauraro ya sauya.

Abokan aiki na kan dutse suka yi ta kira, wai wurinsu ya kusa cika, in ba su izini su goge nasu kwafin. Na ce su yi haƙuri. Na san na takura su, amma in wani abu ya haska jiya ya dushe, wannan hoton kaɗai ne shaidarsa.

Ina jiran a sake turowa, hankalina ya tafi cibiyar binciken taurari ta Vera Rubin da ke kan dutsen Cerro Pachón a Chile. Kyamararta megafiksel 3,200 ce, an tsara ta tara kusan terabayit 20 kowane dare har shekara goma, bayanan kuma su bi wayar gilashi zuwa Kalifoniya a tace su. Namu bai kai ko kusa ba, ga shi ya hana ni sakat. Masu hoton farko na baƙin rami ma, wato wurin nan a sararin samaniya da ko haske ba ya iya kuɓuce masa, da suka yi dubansu a 2017, a jirgin sama suka kwashi faifansu, domin intanet ba za ta iya ba. Faifan na'urarsu da ke Ƙuryar Kudu ta duniya kuwa sai da suka jira watanni sanyi ya wuce.

Shida sun dace tun da rana. Na bakwai ya ja ni har yamma, sai a turawa ta uku. Na tabbatar kwafi na biyu ya sauka a ɗaya ma'ajiyar, sannan na rubuta musu su goge. Suka ce sama ba gajimare, yanzu za su buɗe rufin ɗakin na'urar.