Ciki da falo a Jos

Yau wata uku cif da tarewata a Jos. Wa zai ce ina da shekara 47, bayan na aurar da 'ya'ya biyu, zan naɗe tabarmata in bar Kano? Aiki ne ya kawo Maigida, ni kuma na biyo shi.

Gidan namu a Unguwar Rogo ciki da falo ne, sai ɗan kicin da in kika juya sai ki bugi bango. Ranar da motar kaya ta iso, gadona ya ƙi shiga ƙofa. Kafinta ya auna, ya sake aunawa, ya ce, "Hajiya, sai dai a yanke." Na ce a'a wallahi, gadon aurena ne. Yanzu yana can wajen ƙanwata, mu muna kan katifa a ƙasa.

Kujeru kam ban ma nema ba. Darduma mai kauri na shimfiɗa, don sanyin simintin garin nan ba ya wasa, na ajiye tumtum uku na fata da na saya a Kurmi. Faya-fayan Inna guda biyar na kafa a bango, babban a tsakiya. Labule kuwa atamfa ce daga Kantin Kwari, ni na ɗinka. Ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ba mai lura sai ni.

Fankar da na sha wahalar ɗaukowa har yau tana cikin kwali. Bargo na je nema Taminus.

Jiya na sa turaren wuta bayan magariba, maƙwabciyata ta leƙo: "Maman Kano, wannan ƙamshin fa?" Na ce bismillah, shigo. Sai bayan isha'i ta tafi.