Wasiƙar Kiranye Ba Ta Bin Mota Zuwa Hannu Na Uku

Duk abokin da ya kira ni yana zumuɗin ya ga babbar jif ta alfarma da yake son saye, nakan bar shi ya gama yabon kujerun fata da lafiyar fenti da yadda ƙofa ke rufuwa a hankali, sannan in ce ya je ƙasan gilashin gaba, ɓangaren direba, ya karanto mini lambar da ke wurin. Haruffa ne da alƙaluma guda 17, ana kiranta VIN, kuma tun shekarar 1981 aka tsayar da tsarinta a haka. Babu harafin I ko O ko Q a cikinta, don kada a rikita su da 1 da 0. Wasu kan ji haushin tambayar, suna ganin kamar ina neman rage musu farin ciki ne. Ni kuwa na daɗe ina karanta bayanan kiranyen motoci, wato kiran da kamfani ke yi a maido motocin da aka gano suna da lahani don a gyara, da ƙorafe-ƙorafen masu su, kuma abin da na gani a ciki ya hana ni yarda cewa tsadar mota shaida ce ta lafiyarta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Mercedes-Benz. A watan Mayun 2022 kamfanin ya yi wa motoci kusan 292,000 kiranye a Amurka, samfurin ML da GL da R-Class na shekarun 2006 zuwa 2012, tare da gargaɗi mai nauyi: kada a sake tuƙa su sai an duba. Daga baya hukumar kula da motoci ta Jamus, KBA, ta nuna cewa a duniya baki ɗaya adadin ya kusa miliyan ɗaya. Matsalar tana jikin na'urar nan mai kama da tulu wadda ke ƙara wa ƙafar direba ƙarfi idan ya taka birki. An lulluɓe mahaɗinta da wata roba, sai danshi ya riƙa taruwa a ƙarƙashin robar shekara da shekaru, tsatsa tana cin ƙarfen a ɓoye. Idan ta ci sosai iska kan riƙa shiga, birkin ya yi rauni, direba ya ji yana takawa amma motar ba ta tsayawa da wuri. Idan abin ya ta'azzara kuma, taka birki da ƙarfi sau ɗaya na iya ɓalle na'urar, ƙafa ta nutse ba abin da ya kama.

Ka duba shekarun da kyau. Lokacin da aka fitar da gargaɗin, ƙaramar cikin motocin nan ta kai shekara 10, babbar ta haura 15. Mutumin da ya saye ta sabuwa fil daga kamfani ya daɗe da rabuwa da ita. Jif ta alfarma tana daga cikin motocin da darajarsu ke faɗuwa da sauri, shi ya sa take saurin sauya hannu: daga mai kuɗi zuwa mai matsakaicin hali, daga nan zuwa filin gwanjo, daga gwanjo sau da yawa zuwa jirgin ruwa, ta tsallaka wata ƙasa. Dokar Amurka ta wajabta wa kamfani ya aika wa masu mota wasiƙa cikin kwana 60 bayan ya sanar da hukuma lahanin, amma wasiƙar adireshin da ke cikin rajistar ƙasar take bi. Wanda ke tuƙa motar a yau, da iyalinsa a kujerun baya, ba ya cikin wannan rajista. Ba wanda zai buga masa waya. Wannan shi ne abin da ke damuna fiye da komai a wannan harka, domin mutumin da ya fi kusa da haɗarin shi ne ya fi nisa da labarin.

Yana da kyau mutum ya san yadda ake kaiwa ga kiranye, don ya gane cewa ba alheri ba ne kamfani ke yi. A Amurka hukumar da ke kula da wannan ita ce NHTSA, wadda aka kafa a 1970, kuma a cikinta akwai ofishi na musamman mai binciken lahanin motoci. Kowa na iya shigar da ƙorafi a shafinsu kyauta. Ana cire sunan mai ƙorafin, a bar bayanin a fili kowa ya karanta. Idan ma'aikatan suka ga ƙorafi iri ɗaya yana maimaituwa a kan samfuri ɗaya, sai su buɗe binciken share fage, su nemi kamfanin ya kawo nasa bayanan. Idan abin ya yi nauyi a ɗaga shi zuwa binciken injiniyoyi, inda ake kwance kayan a gwada. Shi kuma kamfani, daga ranar da ya tabbatar da lahanin da ya shafi tsaro, kwana 5 na aiki kawai doka ta ba shi ya sanar da hukuma. Gyaran kyauta ne muddin motar ba ta wuce shekara 15 da sayarwar farko ba a lokacin da aka gano lahanin. Da ma shekara 10 ne, sai a 2015 aka ƙara.

Da jini aka rubuta wani sashe na dokokin nan. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5, yawancinsu a kan jif ɗin Ford Explorer, bayan an ga fatar tayar tana saɓulewa ana cikin gudu, motar ta wuntsila. An danganta mutuwar mutum 271 da wannan a Amurka. Abin da ya fi fusata mutane shi ne gano cewa an riga an sauya irin tayoyin a wasu ƙasashe, ciki har da Saudiyya da Benezuwela, ba tare da an sanar da hukumar Amurka ba. A shekarar ce majalisa ta yi dokar TREAD, wadda ta tilasta wa kamfanoni kai rahoton mace-mace da raunuka da kiranyen da suka yi a ƙasashen waje.

Akwai masu cewa ƙorafin mutum ɗaya ba ya kai ko'ina. Labarin Cadillac Escalade ya isa amsa. A watan Janairun 2025 NHTSA ta buɗe bincike a kan injin V8 mai lita 6.2 na kamfanin General Motors, wanda ke cikin Escalade da 'yan uwanta irin su Tahoe da Yukon. Ƙorafi 39 ne daga masu motoci, tare da wasu rahotanni, suka sa aka buɗe shi. Mutane suna cewa suna cikin tafiya a babbar hanya inji ya buga ba tare da wata alama ba, motar ta rasa ƙarfi a tsakiyar masu gudu. Zuwa watan Afrilu kamfanin ya yi wa motoci kusan 600,000 kiranye a Amurka, na shekarun 2021 zuwa 2024, ya amsa cewa akwai aibi a ƙirar wasu ƙarafan cikin injin. A takardun da ya miƙa ne aka ga cewa shi kansa yana da rahotanni sama da 28,000 masu alaƙa da matsalar, kuma sau uku yana buɗe bincike a cikin gida yana rufewa. Dubban mutane sun kai kukansu wurin dila, kukan ya tsaya a cikin kamfani. Mutum 39 sun kai nasu inda jama'a ke gani. Maganin da aka bayar shi ne a duba injin: wanda ya lalace a sauya shi, wanda ya tsallake a zuba masa baƙin mai mai kauri fiye da na da. Ni dai wannan kashi na biyun bai kwanta mini ba. Idan ƙarfen ne aka ƙera ba daidai ba, ina ganin mai motar yana da haƙƙin a yi masa bayani dalla-dalla kan yadda sauyin mai zai kare shi nan da shekaru.

Duk da haka, ba na cikin masu ƙirga yawan kiranye su yanke wa mota hukunci da shi. Nakan duba yadda kamfanin ya yi bayan an nuna masa. A watan Afrilun 2010 mujallar Consumer Reports ta gwada Lexus GX 460, ta ga cewa idan direba ya shiga kwana da gudu ya ɗaga ƙafa daga totur, bayan motar na zamewa har ta kusa juyawa gefe kafin na'urar daidaita tafiya ta kama ta. A doguwar mota mai nauyi irin wannan, zamewar gefe hanyar kifewa ce. Mujallar ta ce kada a saya. Toyota, wadda ke ƙera Lexus, ta dakatar da sayarwa nan take, ta maimaita gwajin da kanta, ta amsa, ta yi wa motoci kusan 9,400 kiranye a Amurka ta gyara manhajar, kuma cikin watan Mayu mujallar ta janye gargaɗin. Haka a 2024, da aka gano ɓurɓushin ƙarfe da ya rage a cikin injinan Lexus LX 600 da Toyota Tundra na 2022 da 2023, motoci kusan 102,000, sai kamfanin ya ce zai sauya injin ɗungurungum. Kuskuren babba ne, ba na wanke su. Amma motar da aka yi wa kiranye aka gyara ta fi mini kwanciyar hankali a kan wadda tarihinta ke fari tas alhali masu ita sun cika shafin hukuma da kuka iri ɗaya.

Sai jakar iska ta kamfanin Takata, wadda ba a maganar kiranye a tsallake ta. Sinadarin da ke hura jakar yana lalacewa idan ya daɗe cikin zafi da danshi, sai ya fashe da ƙarfin da ya wuce kima, ya watsa gutsattsarin ƙarfe a fuska da wuyan wanda aka sa jakar don ta kare. An yi wa jakunkuna kusan miliyan 67 kiranye a Amurka kaɗai, kamfanin kuma ya durƙushe a 2017. Motocin alfarma ba su tsira ba. A watan Mayun 2023 BMW ta ce a daina tuƙa wasu tsofaffin motocinta kusan 90,000 da ba a gyara ba, ciki har da jif ɗin X5 na 2000 zuwa 2004. Wannan lahani ƙaruwa yake da tsufan mota, kuma ya fi tsanani a yankuna masu zafi da laima. Babu fitilar da za ta kama a gaban direba ta gargaɗe shi, makanike ma ba zai gane da ido ba. Lambar VIN ce kaɗai ke faɗa.

Dubawar ba ta da wuya. Ka shiga shafin kiranye na NHTSA a intanet, ka rubuta lambar, zai nuna maka duk kiranyen da ba a riga an gyara ba. Sai dai ka san iyakarsa: motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka ya ƙunsa, kuma yawanci bai wuce shekara 15 baya ba. Idan motar ta Turai ce, ka nemi shafin kamfanin da ya ƙera ta, ko na hukumar kula da motoci ta Birtaniya, DVSA, idan daga can ta fito. Kada kuma ka tsaya a kan lambar kawai. Ka nemi samfurin da shekararsa ka karanta ƙorafin mutane da idonka, ka ga ko akwai binciken da ke buɗe. Akwai kuma takardun da kamfanoni ke aika wa garejin dilolinsu suna koya musu gyaran matsalar da ta yawaita. Waɗannan ba kiranye ba ne, kuma ba dole a yi maka gyaran kyauta ba, amma a cikinsu ake ganin abin da kamfani ya sani bai yi shela ba. Kada ka ɗauka mai sayarwa ya duba maka. Ko a Amurka dokar tarayya ta hana sayar da sabuwar mota mai kiranyen da ba a gyara ba, amma ba ta hana dila sayar da tsohuwa a haka ba. Sayen irin wannan mota ba tare da dubawa ba cinikin biri a sama ne.

Idan ka ga kiranye a kan motar da ta riga ta bar ƙasar da aka sayar da ita, ka tuntuɓi wakilin kamfanin na inda kake, ka ba shi lambar VIN da lambar kiranyen, ka nemi amsa a rubuce. Dokar Amurka ba ta bin mota zuwa ƙetare, saboda haka amsar ta danganta ga kamfanin, amma manyan kiranye irin na birkin Mercedes da na Takata a duniya aka yi su. Idan an ce kada a tuƙa, to a ajiye motar har a duba, ko da kuwa jiya ta yi tafiya lafiya lau.

Ga wanda motarsa ta yi masa abin tsoro kuwa, ina roƙonsa ya rubuta, kada ya tsaya ga ba abokai labari. Ya kai ƙorafin wurin kamfani da kuma hukumar ƙasar da ke kula da samfurin. Mai bincike ba ya iya aiki da "motar nan ba ta da kyau". Abin da yake buƙata shi ne ranar da abin ya faru, nisan tafiyar da motar ta yi a lokacin, gudun da ake yi, ko ana ruwa ko rana, wace fitila ta kama, wace ƙara aka ji, da abin da makanike ya samu bayan ya kwance. A ɗauki hoto, a adana rasiɗin gyara, kuma idan an cire wani ƙarfe da ya karye ko ya yi tsatsa, kada a bari a jefar da shi a gareji. A karɓe shi a ajiye, domin shi ne abu na farko da injiniyoyi za su nemi gani.