Essen: kwal ya tafi, bashinsa yana nan

Daga babbar tashar jirgin ƙasa ta Essen, a yammacin Jamus, na hau tiram mai lamba 107 da ke yin arewa. Ba mu yi nisa ba gari ya sauya kama. Dogayen ofisoshin gilashi suka ɓace, sai gidajen jan bulo a jere, da shagunan Turkawa, da tsofaffi suna jan kekunan cefane. Can sai ga hasumiyar tsohuwar mahaƙar kwal ta Zollverein ta bayyana, ƙarfe ne mai launin ja, mai tsayin mita 55, da manyan ƙafafu huɗu masu juyawa a samanta waɗanda a da suke jan kejin ɗauko kwal daga cikin ƙasa.

Franz Haniel ne ya fara haƙa a nan a 1847. Amma abin da mutane ke zuwa gani shi ne rijiya ta 12, wadda aka buɗe a 1932, aikin masu zanen gini Fritz Schupp da Martin Kremmer. A zamaninta tana fitar da tan 12,000 na kwal a rana guda. An rufe mahaƙar ranar 23 ga Disamba 1986, masana'antar gasa kwal da ke gefenta ta bi bayanta a 1993, sannan UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2001.

Wani dogon bene mai tafiya da kansa, launin garwashi, shi ya kai ni ginin da ake wanke kwal, wanda yanzu gidan tarihin Ruhr ne, wato yankin da Essen ke ciki. Ba a kwashe injinan ba. Ga su nan baƙi ƙirin, man ya bushe a jikinsu, har yanzu hancinka yana ɗan jin ƙaurin wurin. Mai yi mana jagora dattijo ne da ya yi aiki a ƙarƙashin ƙasa. Ya miƙo mana fitilar hula da batirinta, kowa ya ɗaga ya ji nauyi. Na ce masa, "Baba, kuna kewar aikin kuwa?" Ya yi murmushi ya ce abokan aiki yake kewa, ƙurar kam huhunsa bai manta da ita ba.

Abokan aikin nan daga ko'ina suka zo. 'Yan Poland sun kwararo tun ƙarshen ƙarni na 19, Turkawa kuma bayan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata ta 1961. Sai dai tun 1958 kasuwar kwal ta fara lalacewa, domin man fetur da kwal na waje sun fi araha. Aka yi ta rufe mahaƙu ɗaya bayan ɗaya, har ta ƙarshe, Prosper-Haniel a Bottrop maƙwabciyar Essen, ta tsaya a Disamban 2018. Mahaƙa suka miƙa dunƙulen kwal na ƙarshe ga shugaban ƙasa Frank-Walter Steinmeier.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba a gidan tarihin yake ba, a ƙarƙashin ƙafa yake. Da aka rarake cikin ƙasa, sai samanta ya lotsa, a wasu wurare fiye da mita 20. Unguwanni da dama yanzu sun fi kogunan da ke kusa da su ƙasa, ruwa ba ya iya fita da kansa. Injina ne suke tsotse shi dare da rana, kuma ranar da suka tsaya kusan kashi ɗaya cikin biyar na yankin Ruhr zai zama tafki. Haka ma ruwan gishirin da ke taruwa a tsofaffin ramuka, dole a hana shi haɗuwa da na sha. Gidauniyar kamfanin kwal na RAG, da aka kafa a 2007, ita ke biyan wannan aiki, sama da Yuro miliyan 200 a shekara, kuma babu ranar gamawa. An ci kwal a shekara ɗari da 'yan kai, jikokin jikoki za su biya kuɗin famfo.

Da na fito sai na taka zuwa Katernberg, unguwar mahaƙan da. A nan na ga iyakar gyaran da ake yabo. Zollverein ta cika da masu zane da ɗalibai da baƙi, da rani a yi iyo a harabar masana'antar gasa kwal, da hunturu a yi zamiya a kan ƙanƙara. Amma ayyukan da wurin ya samar ba na 'ya'yan mahaƙa ba ne, galibi. Mutanen garin da kansu suna cewa babbar hanyar A40 ta raba Essen biyu: kudu, inda iyalan Krupp, masu masana'antar ƙarfe, suka gina katafaren gidansu na Villa Hügel, masu hali, arewa, inda aka sha hayaƙi, rashin aikin yi ya fi yawa.

Washegari na hau tsaunin Schurenbach, wanda ba tsaunin Allah da Annabi ba ne, tarin duwatsun da aka zubar daga mahaƙu ne. Daga samansa ana hango hayaƙin wata masana'antar gasa kwal a Bottrop da ke aiki har yau, tana amfani da kwal ɗin da jiragen ruwa ke kawowa daga ƙasashen waje.