Kwaɗin Mustafa Alasan a bangon makaranta

Samarin Maraɗi sun haddace sunayen 'yan fim ɗin Kano kaf, amma ka ambaci Mustafa Alasan ko Umaru Ganda, magabatan masu shirya fim na Nijar, sai su yi ta kallonka. Ba laifinsu ba ne. Finafinan da mutanen nan suka yi a shekarun 1960 da 1970 sun daɗe kwance cikin gwangwanaye, da yawansu a ma'ajiyoyin Faransa, sai daga baya aka gyara wasu aka juye su a kwamfuta.

Daren Asabar wasu matasa suka kafa majigi a wata makaranta nan unguwarmu ta Zariya, cikin Maraɗi. An ɗaure farin zane a bango, janareto na ƙugi daga baya, mai ƙosai ta kafa kaskonta a bakin ƙofa.

Da Bon Voyage Sim aka fara, zane mai motsi da Alasan ya yi a 1966, bai wuce minti biyar ba. Shugaban ƙasar kwaɗi ne ya tafi ziyara maƙwabta, ana ta fareti da bushe-bushe. Yara kwaɗin suke yi wa dariya, manya kuwa sun gane inda aka dosa. Wani dattijo kusa da ni ya taɓa ni ya ce, "Ɗana, haka fa ake yi zamanin shugaba Diori. A kwaso mu daga lakwal, a jera mu bakin titi cikin rana." Na ce, "Baba, yanzu ma ai ba a daina ba." Ni dai ƙarfin halin mutumin ya burge ni: shekara shida kacal da samun 'yanci, ya zana masu mulki da kumburarren ciki.

Sai Cabascabo na Ganda, labarin sojan da ya dawo daga yaƙin da Faransa ta yi a Indocin, abokai suka tatse shi suka watse. Ganda kansa ya yi wannan yaƙin, kuma shi ya fara cin babbar kyautar Yennenga ta bikin finafinan Afirka a Wagadugu a 1972. Nan aka samu cikas: magana da Zabarmanci, rubutun ƙasa da Faransanci. Wani malami ya miƙe yana fassarawa da ƙarfi, har muryarsa ta dishe.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, tun 2017 aka nuna finafinan Alasan a New York, alhali a Tawa mutumin ya zauna shekara da shekaru. Na roƙi matasan su sa wa na gaba fassarar Hausa. Sun ce in na yarda zan zauna mu yi aikin tare.