Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Satin da na buɗe wa gidanmu leja

Ku yi haƙuri da jinkirin wannan satin jama'a, ƙaramin yarona ne ya kwana biyu da zazzaɓi, amma Alhamdulillah ya warware har ya koma ɓarnarsa.

A kashin baya na tsaya a inda na ajiye aikin akawu bayan shekara 7, lokacin da Mama, wato surukata, ta samu shanyewar ɓarin jiki aka dawo da ita wajenmu. Kun tuna na roƙi a rage min awanni ko da za a rage albashin, manaja yace shi kamfani ya buɗe ba gidan jinya ba. Toh daga nan zan ɗora.

Wata uku da zamana a gida muka kai Mama asibiti ganin likita, ina tura kekenta jiri ya ɗebe ni saura kaɗan in kife, wata nas ta riƙe ni tace ai kema mara lafiya ce, je ki buɗe kati. Mai cike fom ɗin wani saurayi ne, ko ɗago kai bai yi ba, suna, shekaru, sana'a? Na buɗe baki zance akawu sai na tuna. Nace ina gida ne. Yace toh ba kya aiki kenan, ya sa biro ya ja ɗan layi a gurbin, shikenan ya wuce tambaya ta gaba. Ni kuwa kallon hannuna nake, bayan yatsuna duk sun tsage saboda ruwan sabulu, a daren nan sau huɗu na tashi na juya Mama dan an gargaɗe mu in ta daɗe a ɓari ɗaya gyambon kwanciya zai fito mata, na canza zanin gado sau biyu, kafin gari ya waye na wanke na shanya, na shirya yara uku. Wai bana aiki. Wallahi ban san layin biro zai iya yiwa mutum ciwo haka ba, har muka dawo gida abin na cina.

Da yamma autarmu ta zo, lokacin tana aji uku a jami'a tana karanta ilimin zamantakewa, irin yaran nan ne da komai ka faɗa sai sun ce ai akwai wanda ya yi rubutu a kai. Ina ninke kaya ina bata labari, tace Yaya kinsan layin nan da ya ja miki an fi shekara 40 ana rigima a kansa? Nace ke dai da bokonki, kar ki zo ki kashe min aure. Tayi dariya tace ai abin da zai baki mamaki kenan, waɗanda nake nufi ba mijin suka fi nunawa yatsa ba.

Ta zauna a bakin gado tana tayani ninki tana bayani. Wai mata ne masu ra'ayin gurguzu, a 1972 suka haɗu a birnin Padua na Italiya, cikinsu akwai Mariarosa Dalla Costa da Selma James da Silvia Federici, suka fara kamfen ɗin neman a biya albashi kan aikin gida. Nace wa zai biya, mijin? Tace a'a, gwamnati suke nufi, dan a ganinsu masu jari ne ke cin ribar aikin. Tace Yaya duba, Baban yara yana isa ofis ƙarfe 8 da gogaggiyar riga, cikinsa a ƙoshe, ya yi barci, hankalinsa a kwance akwai mai kula da mahaifiyarsa da 'ya'yansa, wa ya haɗa wannan mutumin ya miƙa wa kamfani? Gobe ma haka, jibi ma haka, kuma yaran da kike raino su ne ma'aikatan da za a ɗauka nan da shekara 20. Mai kamfani albashin mutum ɗaya yake biya amma gumin mutum biyu yake sha, na biyun kuma ko sunanta babu a littafinsa.

Maganar littafi ce ta kama ni, dan ni sana'ata kenan. Duk akawu ya san kuɗin da ba a shigar ba baya ɓacewa, wani ne dai ya ɗauke shi a kansa. Ta ƙara min da wani tsohon misali na masana tattalin arziki, wai in mutum ya auri mai yi masa aikin gida, lissafin arzikin ƙasa raguwa yake, dan jiya ana biyanta ana ƙirgawa, yau aikin nan dai take yi amma ya fita daga lissafi. Nayi dariya har da riƙe ciki, daga baya kuma dariyar ta tsaya min a wuya.

Washegari na ɗauko wata tsohuwar leja, wato littafin lissafi, cikin kayan da na kwaso daga ofis, na ja layuka kamar yadda na saba, lokacin farawa, lokacin gamawa, irin aiki. Kwana bakwai ina rubutawa, kuma ban yi ha'inci ba, in na zauna na huta minti ashirin sai in cire. Inda na sha wahala shi ne aikin da ke hawa kan wani aikin, tukunya na kan wuta, ina ba Mama magani, ina sauraron karatun babbar 'yata, kunnena ɗaya na wajen ƙaramin kar ya taɓa soket, wannan awa ɗaya ce ko huɗu? Na barshi a ɗaya. Akwai kuma wanda ba shi da gurbi sam, tuna ranar komawa asibiti, tuna maganin da ya kusa ƙarewa, lura da cewa yau Mama ta ƙi magana dan tana jin kunyar na wanke ta, sai in zauna in ja ta da hira har ta sake. Wannan ban san a wane layi zan sa shi ba har yau.

Ranar bakwai na haɗa jimla, awa 94. A ofis 40 nake yi, kuma can akwai hutun ƙarshen mako, akwai obataim, akwai fansho na taruwa. Tun 1919 ƙungiyar ƙwadago ta duniya ILO ta sa iyakar awa 8 a rana, 48 a sati ga ma'aikatan masana'antu, ni ina kusan ninka wannan ana ja min layi.

Kuma ashe ba ni kaɗai bace. Rahoton da ILO ɗin ta fitar a 2018 yace kashi 76 cikin 100 na aikin kulawa da ba a biya a duniya mata ne ke yi, mace tana kashe awa 4 da minti 25 a rana, namiji awa 1 da minti 23, kuma mata miliyan 606 ne suka ce wannan aikin ne ya hana su fita neman na albashi, maza miliyan 41. Da na karanta sai naji kamar an kira sunana a cikin taro. Labarin da ya fi burge ni kuwa na matan ƙasar Aisland ne, ranar 24 ga Oktoba 1975 kusan kashi 90 cikin 100 nasu suka ajiye komai, na ofis da na gida, maza suka kwashi yara suka tafi da su wajen aiki, makarantu da yawa basu buɗe ba. Bayan shekara biyar ƙasar ta zaɓi mace shugaba. Ni kam yajin aikin rana ɗaya ma bazan iya ba, wa zai juya Mama?

Da daddare na ajiye lejar a gaban Baban yara. Ya buɗe yana murmushi, yana zuwa shafi na uku murmushin ya tafi. Yace yanzu kuɗi kike so in biya ki kan jinyar mahaifiyata? Nace Baban yara ni ban kawo maka bil ba, kuma Mama uwata ce, ko ba ka nan zan yi mata. So nake ka gani kawai. Ya daɗe shiru, can yace nima fa in na nemi hutun kwana uku dan jinya sai an min kallon wanda baya son aikinsa. A nan na gane ni da shi igiya ɗaya ce ta ɗaure mu, sai dai nawa ƙullin ya fi matsewa. Bazan yi muku ƙarya ince ya canza gaba ɗaya ba, amma daga ranar juyin ƙarfe 2 na dare ya koma hannunsa, kuma ya ce mu nemi mai taimako.

Ni dai har yanzu ban gama yarda da batun albashin ba. Auta ma ta faɗa min a cikin su kansu akwai saɓani, Angela Davis ta Amurka ta soki tsarin, hujjarta ita ce mata baƙar fata sun daɗe suna aikin gida a gidajen wasu ana biyansu kuma bai 'yanta su ba, gara a fitar da nauyin daga kan mace ɗaya ya koma na al'umma, gidajen raino, wuraren kula da tsofaffi da marasa lafiya. Lokacin na saurara ne kawai, sai da mai taimakon ta zo maganar ta dawo min.

Yarinya ce da bata wuce shekara 22 ba, mai tsafta, ga haƙuri, cikin sati biyu na fara barcin rana, har na fara duba tallan guraben aiki a waya. Wata ranar ina kicin na jiyo ta a bayan ƙofa tana waya ƙasa-ƙasa, tana cewa Umma ki bashi maganin ko yana kuka, ki shafa masa ruwa, zan zo ƙarshen wata. Da ta fito idonta ja na tambaye ta, tace ɗanta ne, watansa 14, yana wajen mahaifiyarta, ita kuma mahaifiyar ta bar ɗan aikin da take yi dan ta riƙe shi. Na tambaye ta yaushe rabonki da shi, tace tun ranar da na fara aiki a nan, Anti. Yarjejeniyar ILO ta 2011 kan masu aikin gida ta ce a basu hutun awa 24 a jere duk sati, na san da ita, Auta ta karanta min, amma ni ban taɓa ba yarinyar nan ko rabin yini ba.

Na shiga ɗaki na ɗauko lejar, na buɗe sabon shafi na rubuta sunanta a sama. Abin da jimlarta ta nuna, da rigimar da muka yi da Baban yara a kai, sai sati mai zuwa in Allah ya kaimu.